Daga ramno zuwa zaren roba: yadda ake ƙarfafa ƙasa mai taushi kafin a ɗora mata nauyi

Ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, bayan marka ta gama ratsa ƙasa, shi ne lokacin da katangu a Kano suke tona asirin filayen da aka ɗora su a kai. Tsaga ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace, ƙofar da take rufuwa lafiya da rani ta fara cijewa, daɓen tsakar gida ya lotsa ta gefe guda ruwa ya riƙa kwanciya. Maigida ya kira magini ya ce, "Malam, wannan wane irin aiki ne, bayan duk simintin da na saya?" Magini ya ce, "Ranka ya daɗe, bulon ne ba shi da kyau." Mai bulo kuma ya rantse bai rage ko cokali ba. Sau da yawa su ukun duk sama suke kallo, alhali abin da ya motsa yana ƙarƙashin harsashi.

A yi wa Kano adalci, ƙasarta ba ta cikin masu wahalar da magina. Birnin yana zaune a kan tsohon dutse, a samansa akwai jar ƙasa da marmara irin wadda ake gani a jikin Dala da Goron Dutse, kuma irinta tifofi suke kwasowa daga bayan gari ana cikon tituna. Mutumin Fatakwal, wanda zai yi ta haƙa bai fita daga taɓo ba, da ya ga ramin harsashinmu sai ya yi sha'awa. Sai dai gari ya yaɗu ya wuce tudu. An gangara fadamun Jakara da Getsi, an matsa bakin Challawa, an cike kududdufai an yanka su filaye. A irin waɗannan wurare maganar ƙarfafa ƙasa take tasowa, kuma taushin nasu ba iri ɗaya ba ne.

Akwai lakar fadama, wadda da rani take bushewa ta dare har kofaton akuya ya shige, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura ta zama caɓi. Akwai ƙasa mai rairayi da ƙura, wadda iska ta jibge a ƙasar Hausa tun zamanin da. Ita wannan a bushe kamar tana da ƙarfi, amma ƙwayoyinta ba su kama juna ba, da ruwa ya ratsa ta sai ta zauna. Ta ukun kuwa mu muka tara ta da hannunmu: cikon kududdufi. Kududdufan cikin ganuwa ramuka ne da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, daga baya aka shekara da shekaru ana zuba musu shara da toka da leda da kashin dabbobi. Biyun farko suna jin magani. Ta ukun sai mun zo kanta.

Abin da ya sa laka take da rigima shi ne ƙanƙantar ƙwayarta. Ƙwayar yashi ido yana ganinta. Ta laka ba ta kai kashi 1 cikin 500 na milimita ba, kuma shafaffiya ce kamar ɓawon kifi. Fuskarta tana ɗauke da cajin lantarki mai jawo ruwa, saboda haka kowace ƙwaya tana sanye da rigar ruwa. Idan rigar ta yi kauri, ƙwayoyin su ware su riƙa zamewa a kan juna, shi ne abin da muke kira danƙo. Idan rana ta tsotse ruwan, su matsu, ƙasa ta tsuke ta dare. Gidan da ke kai yana hawa yana sauka duk shekara, kuma ba bai ɗaya ba, domin gefen kwata yana jiƙe tsakiyar gida tana bushe. Bulo bai iya lanƙwasa ba, sai ya tsage. Gogan wannan hali ita ce baƙar lakar Borno da ake kira firgi, irin ta wajen Dikwa da Ngala, da 'yar'uwarta ta wajen Numan, saboda ma'adinin da ke cikinsu mai suna montmorilonait mai shan ruwa ne kamar soso. Jar ƙasarmu kuwa galibi ma'adinin lakarta kawolinait ne, shi ya sa ba ta cika kumburi ba. Wani masani ɗan Suwidin, Albert Atterberg, shi ya tsara yadda ake auna danƙo a 1911, kuma ɗaya daga cikin gwajin nasa ko yaro zai iya: a murza jiƙaƙƙiyar ƙasa a tafin hannu, a ga ko za ta miƙe siririya kamar taliya mai kaurin milimita 3 ba ta karye ba. Idan ta miƙe ta yi ta miƙewa, laka ce mai neman magani.

Maganin kashi biyu ne, sinadari da zare, kuma babu ɗayansu da yake baƙo a garin nan. Maginan da suka gina Gidan Rumfa da Gidan Makama ba sa kwaɓa ƙasa tsurarta. Suna tattaka ta da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, su bar ta ta kwana biyu kafin a yi tubali ko yaɓe. Matan da suke daɓen ɗaki suna yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don daɓe ya yi tauri ya ƙi shan ruwa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne laso. Ana kwaso katsi daga gindin rijiyar marina, a busar, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin akuya daga majema da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe soro da katanga, da shi ake yaɓe ramukan marina irin na Ƙofar Mata su riƙe ruwan baba. Ƙonanniyar hoda mai kamawa, ga zare mai riƙe tsaga: abin da injiniyan yau yake yi ke nan. Abin da ya ƙara shi ne sikeli da awo, da sanin dalilin da ya sa abin yake aiki.

Sinadarin da ya fi dacewa da laka shi ne laim, farar hodar da ake samu idan an ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 900. Wanda ba a shayar da shi ruwa ba tukuna yana da zafin gaske idan ya haɗu da damshi, yana tsotse damshin ƙasa yana fitar da tururi, yana kuma ƙone fata da ido, don haka leburan da zai watsa shi sai da safar hannu da tabarau. Wanda aka riga aka shayar da shi ruwa ya fi sauƙin sarrafawa. Aikinsa hawa biyu ne. Na farko yana faruwa cikin 'yan awoyi: sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana ture sinadaran da ke manne a fuskar ƙwayar laka, rigar ruwan nan ta sirance, ƙwayoyin su dunƙule gungu-gungu. Lakar da ɗazu take kama shebur kamar tuwon da ya kwana, sai ta koma wara-wara kamar dambu. Wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba ya mantawa, domin wurin da gireda take makalewa da safe, kafin la'asar tana bi ta kai.

Hawa na biyu shi ne mai muhimmanci, kuma shi ne wanda masu gaggawa suke asara. Idan laim ya wadata, ruwan cikin ƙasa yana yin kaifi irin na kanwa har ya kai 12.4 a ma'aunin pH, wanda ake auna tsami ko kaifin ruwa da shi. A wannan kaifin, sinadaran silika da alumina da ke jikin lakar kanta suna narkewa su haɗu da kalsiyam, su haifar da irin gam ɗin da ke cikin siminti. Wato lakar ce take zama simintin kanta. Wannan yana ɗaukar makonni har watanni, kuma zafi yana hanzarta shi, abin da Kano ba ta rasa ba. Tun 1966 wasu masana biyu a Amurka, Eades da Grim, suka fito da hanyar gane adadin da ake buƙata: a yi ta ƙara laim a samfurin ƙasar har sai ma'auni ya tsaya a 12.4. Yawanci yana faɗawa tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙasa. Wanda ya zuba ƙasa da hakan zai sami dambun, ya ɗauka ya gama, amma ba zai sami gam ɗin ba, bayan damina biyu ko uku ruwa ya wanke ɗan abin da ya zuba.

Matsalar laim a wajenmu ita ce ba ya cika kasuwa kamar siminti. Siminti kuwa, daga Obajana ko Kalambaina ko Ashaka, babu layin da za ka rasa shagonsa. Shi ba ya jiran laka ta ba shi silika, ya zo da kayansa. Da ya taɓa ruwa yake fara kamawa, ya ɗaure ƙwayoyin ƙasa wuri guda, shi ya sa ya fi dacewa da marmara da ƙasa mai rairayi. A laka mai danƙo sosai ba ya cuɗuwa, sai ya lulluɓe bayan dunƙule ya bar cikinsa ɗanye, don haka a irin wannan akan fara da laim, a bar shi kwana ɗaya zuwa uku ya sassauta ta, sannan a bi da siminti. Kuma siminti ba ya da haƙuri. Daga lokacin da aka cuɗa shi da ruwa, awa biyu ke gare ka ka baje ka danne da rola. Idan tankar ruwa ta makara ko rola ta mutu, abin da ya fara kamawa ne za ka farfasa da kanka.

Ga lissafin, don a san nauyin aljihun da ake magana. Dannanniyar jar ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya tana kai kilo 1,900. Kashi 5 cikin 100 nata kilo 95 ne, kusan buhu biyu ke nan. Tsakar gida mai mita 10 sau 10, idan za a gyara kaurin santimita 15, za ta ci buhu 28 zuwa 29, wato buhu ɗaya a kowane murabba'in mita uku da rabi. Titi mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin mita 7.3 a wannan kaurin zai ci sama da buhu 2,000. Kuɗi ne masu yawa, amma a kwatanta su da kwashe ƙasar duka da tifa, a nemo wurin zubarwa, a sayo marmara daga ramin da kullum yake ƙara nisa da gari, a biya man dizal zuwa da dawowa. Wani lokaci kwashewar ta fi sauƙi, wani lokaci gyaran. Nisan ramin marmara ne yake yanke hukunci.

Yadda ake sanin an yi nasara shi ne awon da ake kira CBR, wanda ma'aikatar hanyoyi ta jihar Kalifoniya ta ƙirƙiro. Ana danna wani ƙarfe cikin samfurin ƙasa, sau da yawa bayan ya kwana huɗu a ruwa, a kwatanta ƙarfin da ya buƙata da na fasasshen dutse, wanda aka ba maki 100. Lakar fadama takan tsaya a maki 2 ko 3. Ƙa'idar aikin hanyoyi da gadoji ta Tarayya ta 1997 ta nemi maki 30 ga shimfiɗar da ke ƙarƙashi, 80 ga ta sama wadda kwalta za ta hau kai. Sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero yana da ɗakin gwajin ƙasa, haka na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda aka daɗe ana nazarin jar ƙasa da baƙar laka.

To ina zare ya shigo? Ƙasar da aka ɗaure da siminti tana samun tauri, amma tana samun gautsi tare da shi. Ɗauki ƙuli-ƙuli da kilishi. Ƙuli-ƙuli ya fi tauri nesa ba kusa ba, amma da haƙori ya fi ƙarfinsa sai ya tarwatse gaba ɗaya. Kilishi kuwa yana lanƙwasa, ko ya fara yagewa sai ka yi ta ja, domin zaruruwan nama suna riƙe da ɓangarorin biyu. Ƙasa mai siminti ƙuli-ƙuli ce. Tana jure dannawa, ba ta jure ja da lanƙwasa. Kuma yayin da take bushewa tana tsukewa ta tsattsage da kanta, tsagar ta hau ta fito a fuskar kwalta, ruwa ya bi ta nan ya shiga. Abin mamaki, ƙara siminti ƙara tsagar yake yi. Wanda ya ce a ƙara buhu don a kwana lafiya, ƙuli-ƙulin ya ƙara soyawa.

Idan aka cuɗa gajerun zaruruwa a cikin kwaɓin, suna warwatsuwa ta kowace fuska. Ba sa yin komai sai ƙasa ta fara buɗewa. A lokacin duk zaren da ya gitta tsagar zai miƙe, bakinsa biyu suna cije a cikin ƙasa, ya ɗauki jan ya hana tsagar faɗaɗa. Maimakon babbar tsaga ɗaya sai a sami ƙanana masu yawa da ido bai cika gani ba, kuma ko bayan ƙasar ta kai iyakar ƙarfinta ba ta sakin kaya lokaci guda. A nan ne haɗin yake da daɗi: zare a cikin sakakkiyar laka zamewa yake yi, amma siminti ko laim yana sa ƙasa ta cije shi da kyau. Sinadari yana ba zare abin kamawa, zare yana rufa wa sinadari asirin gautsinsa. Wannan daban yake da dabarar shimfiɗa raga ko tabarmar roba hawa-hawa a cikin ciko, wadda injiniyan Faransa Henri Vidal ya zamanantar da irinta a shekarun 1960 da sirarun ƙarafa, kodayake mutanen Iraƙi na da sun riga shi da sama da shekara 3,000, domin hasumiyar Aƙar Ƙuf kusa da Bagadaza tana da tabarmin kara a tsakanin tubalanta.

Adadin zaren kaɗan ne ƙwarai, yawanci kashi ɗaya cikin 400 ko cikin 200 na nauyin ƙasa, da wuya a wuce kashi 1 cikin 100, tsawonsa kuma santimita ɗaya zuwa biyu. Idan ya yi yawa ko ya yi tsawo sai ya cukurkuɗe kamar gashi a matsefi, ya bar ramuka, ƙarfin ya ragu. Wanda aka fi amfani da shi shi ne folifurofilin, robar da ake saƙa buhun shinkafa da na taki da ita. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, kaifin laim ba ya taɓa shi, rana ce kawai abokiyar gabarsa, ita kuma ba ta shiga ƙarƙashin ƙasa. Robar gorar ruwa ba haka take ba, kaifin siminti yana cin ta a hankali. Ledar fiyawota kuma, wadda kowa yake fatan a samo mata amfani ganin yadda ta toshe mana kwatoci, tana da santsi kuma tana talewa, ƙasa ba ta iya cije ta sosai. Zaren tsiro ma yana aiki: rama da muke tufka igiya da ita, da zaren ɓawon kwakwa wanda ya fi sauran jinkirin ruɓa. Sai dai damshi da gara da kaifin laim suna cinye su da tafiyar shekaru, shi ya sa wasu suke tsoma su a kwalta tukuna. Ramno ya daɗe a katangar kakanni ne saboda katanga tana bushewa bayan kowane ruwa, kuma duk shekara ana sabunta yaɓe. Ƙarƙashin titi babu mai komawa ya sabunta.

A ganina a nan ya kamata a yi taka-tsantsan da zumuɗi. Cuɗa zare a kwano a ɗakin gwaji, a cikin ƙasar da ba ta wuce mudu biyu ba, abu ne mai sauƙi. Cuɗa tan biyar na zare mai tashi a iska cikin kilomita guda na ƙasa da bakin gireda wani abu ne daban. Idan babu injin cuɗawa mai juyawa, wani wuri zai sami dunƙule wani wuri ya tashi a tutar babu. Don haka zare ya fi dacewa da inda za a iya kwaɓawa a inji a kawo: harabar gida, wurin ajiye motoci, gefen kwalbati, gangaren da zaizaya take ci, ko bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji, irin wanda cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, da aka kafa a 1978, ta daɗe tana tallatawa.

Akwai kuma abin da muke zubarwa a bola alhali yana iya rage kuɗin siminti. Ɓuntun shinkafa da injinan casa na Kura da cikin birni suke tarawa tsibi-tsibi, idan aka ƙona shi a natse, zafin bai wuce digiri 700 ba, tokarsa tana ɗauke da silika fiye da kashi 80 cikin 100. Ita kaɗai ba ta kama komai, amma idan ta haɗu da laim ko ɗan siminti sai ta shiga wancan hawa na biyu. Tokar tukar rake ma haka. Farin dagwalon da masu walda da gas suke zubarwa bayan kabayid ya gama aiki, kusan laim ne shayayye. Sharaɗin tokar dai shi ne yadda aka ƙona ta. Baƙar toka mai gawayi da aka kwaso daga inda aka cinna wa ɓuntu wuta a fili ba ta da wannan amfani sosai, kuma ta yau ba za ta yi daidai da ta gobe ba. Su kuma magungunan ruwa da ake kawowa a durom, wasu a ce enzayim ne wasu a ce folima, ana cewa lita kaɗan za ta maye gurbin tirelar siminti, sakamakonsu ya danganta da irin ƙasa, wani wuri su yi wani wuri kamar an zuba ruwan famfo. Mai tallar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi a gwada su a kan ƙasar filin, a jiƙa samfurin kwana huɗu a auna ba.

Abu biyu suna kashe laim da siminti. Ɗaya shi ne salfet, wani irin gishiri da ake samu a wasu ƙasashe. Idan yana da yawa a ƙasa, sai ya haɗu da kalsiyam da alumina ya haifar da wani ma'adini mai suna etirinjait, wanda yake kumbura ya ɗaga titi fiye da yadda lakar za ta yi da an ƙyale ta. Filin da ruwan masana'antu ya daɗe yana bi, kamar a kewayen Sharaɗa da Bompai da Challawa, ya cancanci a auna masa wannan kafin a zuba ko buhu ɗaya. Na biyu shi ne ruɓaɓɓen abu, ganye da shara da kashi. Ko kashi 2 cikin 100 ya isa ya hana siminti kamawa yadda ya kamata.

Wannan ya dawo da mu kududdufi. Cikon bola ya haɗa duk illolin: yana cike da ruɓa, yana ci gaba da ruɓewa yana zama, kuma zurfinsa yakan kai mita da yawa. Gyaran da muka yi ta bayani na saman ƙasa ne, santimita 15 zuwa 30 a kowace shimfiɗa. Nauyin gini kuwa yana sauka ƙasa har kusan ninki biyu na faɗin harsashinsa. Wanda ya gyara saman cikon kududdufi da siminti da zare ya ɗora bene, faifai ya rufa a bakin rijiya. Abin yi a nan shi ne a haƙa ramukan gwaji a ga inda ƙasar asali take. Idan kusa ce a kwashe sharar duka a cike da marmara hawa-hawa. Idan ta yi nisa sai dai faffaɗan harsashin kankare da rodi wanda gidan duka zai zauna a kai, ko turakun kankare da za su ratsa su taka ƙasa mai ƙarfi. A Suwidin da Japan, tun shekarun 1970 suke da injin da ke huda ƙasa yana cuɗa laim ko siminti a can ciki, ya bar ginshiƙai jere a cikin taɓo. Wannan aikin manyan kwangiloli ne, ba na mai fili ɗaya ba. Ban da haka, ruwan da kududdufin yake ɗauka ba ya fasa zuwa don an cike shi, gidajen maƙwabta yake komawa.

Ko a ƙasar da take jin magani, rabin aikin daɓe ne. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce tifa ta juye ciko mai zurfin mita guda a cikin harsashi, a sakar masa ruwa a ce ya kwanta. Samansa kawai yake kwanciya. Tun 1933 Ralph Proctor, injiniyan madatsun ruwa a Los Anjeles, ya nuna cewa kowace ƙasa tana da damshin da ta fi dannuwa a kansa: ta bushe ba ta matsuwa, ta jiƙe da yawa ruwa ya cika ramukan ya hana. Matan da suke daɓe da madaɓi sun san wannan damshin da hannu. Ka damƙi ƙasar, ta dunƙule ba ta jiƙa maka tafi ba, ka sake ta daga tsayin ƙirji ta fashe gida huɗu ko biyar. Shimfiɗa kada ta wuce santimita 15 zuwa 20, a danne, sannan a ƙara wata. Bayan haka a kori ruwa daga gindin gini: kwata mai gangara, daɓe a kewayen katanga, ramin masai nesa da harsashi, darbejiya ma kada ta matso idan ƙasar laka ce, don saiwarta tana tsotse gefe guda ta bar ɗaya.

Lokacin aikin rani ne, amma kowane ɓangarensa da nasa hali. Iskar hunturu tana kwashe hodar kafin a cuɗa, ta kai ta idon masu wucewa. Zafin Afrilu yana busar da kwaɓin kafin rola ta iso, don haka gara a fara da asuba a ƙara ruwa kaɗan. Bayan an danne, ana ba shi ruwa kamar sabon bulo na kwana bakwai, ko a feshe shi da ruwan kwalta don damshin ya zauna a ciki, kuma manyan motoci ba sa hawa. Wannan kwana bakwai ɗin ne ya fi wuya a cikin birni. A layin da yake shi kaɗai ne hanyar kasuwa, duwatsun da aka tare hanya da su ba sa kai azahar, 'yan adaidaita sahu sun kawar, tifar yashi ta biyo baya. Injiniyoyin da suka saba aiki a unguwanni sukan fara da zauren mai unguwa kafin buhun farko ya sauka, a tsayar da hanyar da za a riƙa zagayawa, sannan a raba titin biyu, a gyara ɓari ɗaya mako guda, ɗayan a mako na gaba.